Alhaji Umaru Na Kete-Krachi: Bakanon Da Ya Rubuta Tarihin Talakawa A Bakin Kogin Volta

A tsakanin ƙasar Bebeji da Rano da Tudun Wada akwai tafkin Tiga, wanda ya samu bayan da Gwamnatin Jihar Kano ta zamanin marigayi Audu Bako ta datse Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974. Amfanin wannan aiki ba ɓoyayye ba ne, gama da ruwansa ake noman rani a Kadawa da kewayenta, masunta kuma suna cin abinci a cikinsa. Amma fa a ƙarƙashin ruwan nan akwai gonaki da kufai da maƙabartu na ƙauyukan da aka tashi mutanensu aka sake musu matsuguni. Dattawan da suka san sunayen unguwannin da ruwa ya ci, da waɗanda suka haƙa rijiyoyinsu, da inda kakanninsu suka fito, kullum raguwa suke yi.

Irin wannan ya faru a ƙasar Ghana, har ma ya fi na Tiga girma nesa ba kusa ba. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo cikin 1965, Kogin Volta ya tumbatsa ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000. Cikin garuruwan da ruwan ya shafe har da tsohon garin Kete-Krachi, inda wani malami haifaffen birnin Kano ya zauna kusan shekara arba'in yana limanci, yana karantarwa, yana rubutu. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar, a wasu littattafai kuma a kan rubuta Imam Imoru, yadda mutanen can ke faɗin sunan. Garin da ya zauna ya nutse, hanyar fatauci da ta kai shi can ta mutu, amma takardunsa suna nan, har yau kuwa masana tarihi ba su da wata shaida da ta fi su bayyana yadda talakan ƙasar Hausa ya yi zamansa kafin zuwan Turawa.

Haihuwa Da Neman Ilmi

An haifi Alhaji Umaru a birnin Kano wajen 1858, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Asalin gidansu Kabawa ne, shi ya sa a ƙarshen rubuce-rubucensa na Larabci ake ganin yana danganta kansa da Kabi da kuma Kano. Mahaifinsa malami ne, kuma farke ne. Yaron ya sauke Alƙur'ani a Kano, sa'an nan ya shiga neman ilmi, abin da ya kai shi ƙasar Sakkwato da Gwandu, inda ya karanci fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya.

Tun yana saurayi alƙalaminsa ya fara aiki. Cikin 1877, watau yana da shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya wallafa wani ɗan littafi na Larabci mai suna Sarhatul Wariƙa, wanda ke koyar da yadda ake rubuta wasiƙa. Wanda ya san ayari ba zai yi mamakin wannan ba. Kowane babban ayari yana da malaminsa, shi ke rubuta wa madugu takarda zuwa ga sarakunan hanya, shi ke riƙe lissafin bashi, shi ke rubuta dukiyar wanda ya rasu a tafiya don a kai wa magada. Ashe tun farko ilmin Umaru a haɗe yake da kasuwa da hanya.

Hanyar Gwanja

Mutanen Bebeji ba baƙin wannan hanya ba ne. A ƙarni na 19 garinsu mai ganuwa yana kan hanyar Zazzau zuwa Kano, yana kuma cikin garuruwan da fataken goro suka yi kaka-gida, musamman Agalawa. Baturen nan matafiyi Kilafatan ya bi ta cikinsa a 1826, ya kuma ambace shi a littafinsa. A nan aka haifi Alhasan Ɗantata cikin 1877, shekarar da Umaru ya rubuta littafinsa na wasiƙu, shi ma kuwa hanyar Gwanja ce makarantarsa ta farko a ciniki.

Tafiyar ba ta rago ba ce. Ayari ya kan tashi da kaka, mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Jagaba yana gaba, madugu yana riƙe da ragamar tafiya duka, uban dawaki kuma shi ke tattara kuɗin fito da za a biya masu ƙasa. Su kan ɗauki kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata da gabu, su haye Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Yandi ta ƙasar Dagomba, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa kaɗai ya kan ci wata uku, wani ayarin ma sai ya shekara bai ga gida ba. A Salaga ne ake saduwa da goron da ke fitowa daga kurmin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa.

Umaru ya bi waɗannan hanyoyi, ya ga ƙasashen Dandi da Borgu da Gurma da Mosi da idonsa, kafin ya sauka a Salaga. Sai dai ya tarad da garin ya fara ja da baya. Tun da Turawan Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan ƙasashen arewa ya karye, goro ya soma bin wasu kasuwanni. Cikin 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja, kasuwar ta watse, baƙi suka bazu. Da yawa daga cikin Hausawan Salaga suka gangara kudu zuwa Kete, zangon Musulmi da ke maƙwabtaka da garin Krachi a bakin Kogin Volta. Can Umaru ya bi su, can kuma ya zama limami.

Turawa Biyu

Jamusawa biyu ne suka zama sanadin fitowar rubutunsa na Hausa. Na farko shi ne Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan Salaga suka laƙaba wa suna Malam Musa. Mutum ne mai son harsuna, ya zauna cikin fatake yana ciniki kamar kowa, ba ya kuwa ga maciji da masu mulkin mallaka na ƙasarsu, har ya zarge su a fili da kau da kai daga cinikin bayi a Togo. Ya tara labarai da wasiƙu da aka rubuta masa da ajami, a cikinsu har da na hannun Umaru. Takardun suka ƙare a babban ɗakin karatu na Barlin, aka buga su cikin 1928.

Na biyu shi ne Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa Afirka a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulki a Kete-Krachi, gama a lokacin garin yana ƙarƙashin Togo ta Jamus. Mischlich yana haɗa ƙamus na Hausa da Jamusanci, wanda ya fito a 1906, ya kuwa sami malamin da ya dace. Ya riƙa yi wa Liman Umaru tambayoyi, shi kuma yana ba shi amsa a rubuce, shafi bayan shafi, da Hausar Kano cikin ajami. Daga tambayar ma'anar kalma aka zarce zuwa tambayar yadda ake noma, da yadda ake aure, da yadda aka ci wane gari da yaƙi.

Abin Da Ya Rubuta

A nan ne aikin Alhaji Umaru ya bambanta da na sauran marubutan tarihi na ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda Palmer ya juya zuwa Ingilishi a 1908, jerin sarakuna ne tun daga Bagauda, da yaƙe-yaƙensu da shekarun da kowa ya yi a gadon sarauta. Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi labarin jihadi ne a ƙasar Kano. Ko Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958, fada ce cibiyarsa. Dukansu littattafai ne masu daraja, amma manomi da marini da mai koda ba su cika samun shiga cikinsu ba, sai fa in an zo ƙidayar waɗanda aka kashe ko aka kama.

Shi Umaru sai ya bi ƙasa. Ya bayyana irin ƙasar noma da abin da kowace ke karɓa, da ire-iren dawa da gero, da aikin gona tun daga sassabe har girbi. Ya bi auduga daga gona zuwa gurza da kaɗi da saƙa, ya kai ta karofi, ya fito da ita gidan bugu. Ya yi bayanin ƙira da jima da dukanci da gini. Ya faɗi yadda kasuwa take, da aikin dillali da na fatoma, da yadda ake ƙirga wuri. Ya rubuta haihuwa da suna da kaciya da makarantar allo da aure da mutuwa, da abinci da tufafi da wasannin yara. Bai kuma tsallake bauta ba, ya faɗi yadda ake kama bayi, da yadda ake sayar da su, da zamansu a rinji, da murgu, da fansa.

Ƙimar wannan ta fi fitowa in an tuna cewa abubuwan da kowa ya sani su ne ba a damuwa da rubutawa. Malamin da ke zaune a Kano a 1880 ba zai ɓata tawada yana bayanin yadda ake ɗaure huhun goro ba, don yaron gidansa ma ya sani. Sai da Umaru ya yi nisa da gida, ga kuma baƙo yana tambaya, sa'an nan abin yau da kullum ya zama abin rubutawa. Masu iya magana kan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wannan malami ya zauna a bakin Volta ya zayyana ƙasar haihuwarsa kamar jiya ya baro ta.

Bai bar tarihin sarauta ba ɗungum. Ya rubuta labarin ƙasashen Hausa da na maƙwabtansu, mafi shahara kuwa shi ne tarihin Kabi, wanda wani masani Bajamushe mai suna Heinz Sölken ya buga a 1959 da 1963. Yawancin abin da aka rubuta game da Kabi a ƙarni na 19 daga bakin Sakkwato da Gwandu ya fito, watau waɗanda suka yi ta yaƙi da ita. Samun labarin daga alƙalamin jikan Kabawa, wanda kuma ya yi karatu a hannun malaman Sakkwato, ba ƙaramar riba ba ce ga mai son jin ɓangare biyu.

Waƙa A Matsayin Tarihi

A wurin almajiransa na Gwanja da Asante, da waƙa aka fi sanin Alhaji Umaru. Ya yi waƙoƙi masu yawa da Larabci da Hausa, da dama daga cikinsu kuwa labarin zamaninsa ne. Ya yi biyu da Larabci a kan shigowar Turawa wajen 1899 da 1900, sa'an nan ya yi Waƙar Nasara da Hausa a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, inda ya bi ƙasashe da sarakuna ɗaya bayan ɗaya yana faɗin yadda aka rinjaye su. Ya yi waƙar Talauci da Wadata, wadda ke nuna yadda jama'a ke wulakanta marashi, su girmama mai abin hannu ko da halinsa bai kai ba. Da annobar mura ta game duniya a 1918 ya yi mata waƙa, ya siffanta yadda ciwon ke kama mutum. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, aikin da ba kowane malami ke tunkararsa ba.

Cikin 1913 ya tafi aikin Hajji, bai komo ba sai wajen 1918. Kafin ya dawo Yaƙin Duniya na Farko ya kori Jamusawa daga Togo, Kete-Krachi ta koma hannun Ingilishi. Ya ci gaba da karantarwa, almajiransa suka bazu a zangunan Kumasi da Yandi da Tamale, har zuwa Akra a bakin teku, wadda fatake ke ce wa Ankara. A Kete-Krachi Allah ya yi masa rasuwa cikin 1934.

Kafin rasuwarsa ya ga ƙarshen duniyar da ya rubuta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan a ɗora shi a dogo. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara gane wannan sabuwar hanya, kafin ya koma cinikin gyaɗa ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Ayarin jakuna na wata uku ya zama labari. Da ba don takardun liman na Kete da irinsu ba, da ko sunayen muƙaman ayari sai an yi da gaske kafin a tuna.

A Karanta Da Lura

Ba a ce duk abin da ya rubuta yankan wuƙa ba ne. Da ka ya rubuta, shekaru bayan ya bar gida, ƙwaƙwalwa kuwa ta kan haɗa abin da aka gani da abin da aka ji. Wanda ke yi masa tambaya jami'in mulkin mallaka ne, ba mamaki akwai abin da ya ga ya fi kyau ya yi shiru a kansa. Har ila yau idon malami ne ɗan birni, mai alaƙa da fatake, saboda haka yadda ya kalli Maguzawa da bayi da mata ba lalle ne ya zama yadda su suka kalli kansu ba. Ra'ayinsa game da Turawa ma ya sassauta a waƙoƙinsa na baya. Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya gwama maganarsa da ta wasu, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya.

Abin takaici shi ne inda takardun suka ƙare. Na hannun Mischlich sun koma Jamus, ya buga wasu da fassarar Jamusanci tun daga 1907, wasu kuma a 1942. Waƙoƙinsa Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara su daga hannun malaman zango a shekarun 1960, daidai lokacin da ruwa ke hawa kan tsohuwar Kete. Wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya juya bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Ingilishi, ya sami digirin dakta da shi a Kalifoniya cikin 1973. Shehun malami Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso a ƙasar Folan ya buga rubutunsa na ajami a 2000. Watau Bakano ya rubuta labarin Kano da Hausa, amma Bajamushe da Ba'amurke sun riga ɗalibin Kiru karanta shi.

Aikin Da Ke Jiran Kudancin Kano

Ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba ta rasa abin rubutawa ba. A Bebeji ne rundunar Kanar Morland, wadda ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fara gamuwa da turjiya. Mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa, aka fasa ta da igwa, sarkin garin yana cikin waɗanda suka rasu, kwana biyu bayan haka, ran 3 ga Fabrairu, Kano ta faɗi. Abin da aka fi sani game da wannan rana daga rahoton waɗanda suka harba igwar ya fito. Yadda mutanen cikin ganuwa suka ba 'ya'yansu labarin kuwa yana bakin jikokin jikoki.

Haka yake ga hare-haren Ningawa, waɗanda suka addabi kudancin Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, har garuruwa irin su Tudun Wadar Ɗankadai suka zama bakin daga. Haka yake ga Riruwai a ƙasar Doguwa, inda 'yan ƙasa ke haƙar kuza suna narka ta tun kafin kamfanonin Turawa su san hanyar wurin. Ga labarin ƙauyukan da ke cikin dajin Falgore kafin a keɓe shi, ga na gidajen fataken Gwanja, ga na waɗanda ruwan Tiga ya tasa, wanda shaidunsa na ido suna da rai har yanzu, ko da yake ƙuruciyarsu ta wuce da shekara hamsin.

Ma'aikatun da za su adana irin wannan aiki suna nan. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da Gidan Makama, da Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can, inda rahotannin gundumomi na zamanin En'e suke. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama gaban tsoho da haƙuri ya yi tambaya, ya rubuta amsa yadda aka faɗa, ya sa sunan mai maganar da garinsu da ranar da aka yi hirar. Wannan ba ya bukatar kwangila. Malamin makarantar firamare zai iya, sakataren dagaci zai iya, ɗalibin da ya zo hutu da waya a aljihu zai iya ɗaukar muryar kakarsa kafin ya koma makaranta.

Tambayoyin ma ba sai an je nesa neman su ba, irin waɗanda Alhaji Umaru ya amsa ne. Me ake shukawa a fadamar nan kafin zuwan taki na zamani? Su wane ne suka fara zama a unguwar nan, daga ina kuma suka zo? Nawa ake biyan sadaki, wa ke rina tufafi, ina matafiya ke sauka? Ya kamata kuma Ƙananan Hukumomin nan huɗu su haɗa kai da jami'a a juya rubutun wannan malami zuwa boko cikin ƙaramin littafi mai araha, a raba wa makarantun sakandare, don yara su ga cewa sana'ar iyayensu ma tarihi ce.

Alhaji Umaru bai mallaki injin buga littafi ba, bai karɓi albashin bincike ba. Tawada da alƙalamin kara da takarda su ne kayan aikinsa, sai kuwa kunnen da ya saurara da idon da ya lura tun yana yaro a bayan jakunan mahaifinsa. Shekara talatin bayan rasuwarsa ruwa ya rufe garin da ya yi limanci, amma bai taɓa ko shafi ɗaya na abin da almajirai suka kwafa suka kai wasu garuruwa ba. Allah ya jiƙansa da rahama, ya kuma ba ƙasar Bebeji da maƙwabtanta mai ɗaukar alƙalami tun masu ba da labarin suna raye.